Duk gwaje-gwajen sun ce lafiyata ƙalau

Ina da shekara 15 ciwon firgici ya kama ni, kuma sai da ya kusa cinye mini karatun babbar sakandare kafin a gane abin da ke damuna. Na san akwai 'yan mata da samari da yawa da ake yawo da su yanzu haka, daga kemis zuwa gidan malam, daga can zuwa ƙarin ruwa, kowane gwaji yana cewa lafiyarsu ƙalau, su kuwa sun san ba ƙalau suke ba. Saboda su nake ba da labarin hanyar da na bi.

A watan Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai maza sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina. A Fabrairun 2021 aka shiga Kagara ta jihar Neja, sai kuma ranar 26 ga watan aka ɗebe 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara. Ni lokacin ina makarantar kwana a cikin garin Kano, nesa da kowane daji, kuma babu wanda ya taɓa mu. Amma a ɗakin kwananmu hira ta koma ɗaya. Wasu da hijabi suke kwana, wasu takalmi a ƙarƙashin matashi. Idan babur ya wuce ta bayan katanga da tsakar dare, sai ki ji gadaje suna motsi, kowa idonta biyu amma babu mai magana. Ni ban yi kuka ba, ban ce wa kowa ina jin tsoro ba. Barci kawai na daina yi sosai, abinci ma sai na tura.

Abin mamaki, farmakin ciwon na farko bai zo a daren da aka ji wani motsi ba. Muna firef, wato zaman bitar karatu a aji, fanka na juyawa, ina kwafar darasi daga littafin wata ƙawata. Haka kawai gabana ya yanke ya faɗi. Zuciyata ta fara dukan uku-uku, ina jin bugunta har cikin kunnena. Na ja numfashi, na ji iskar ta tsaya a maƙogwaro ba ta isa ƙirji ba, sai na ƙara ja da ƙarfi, na ƙara, na ƙara. Tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, leɓɓana suka fara tsitstsira, ajin ya yi mini nisa, muryoyin 'yan ajin suna zuwa daga can wani wuri. Na duba hannuna na ga yatsuna sun ƙage sun lanƙwashe ciki, na kasa buɗe su. A nan na sakankance mutuwa ce ta zo, na fara kalmar shahada da ƙarfi.

Ajin ya hargitse. Wata ta kwarma ihu, "Aljanu ne, ku riƙe ta!" Aka danne mini kafaɗu, wata siniya tana karanta mini Ayatul Kursiyyu a kunne, wata ta kwara mini ruwa a ka, matiron ta iso da tafarnuwa da man habbatussauda tana shafa mini a hanci. Duk cikinsu babu wadda ba taimako take nufi ba, wannan na sani. Kafin a kai ni ɗakin jinya abin ya fara sauka da kansa, ya bar ni da rawar jiki da wata irin gajiya, ga kunya. Yatsun nan da suka ƙage su suka tabbatar wa kowa cewa shafar iska ce.

Washegari aka ce maleriya, aka ba ni magani. Da ya sake dawowa aka ce taifod. Da aka kai ni gida, mai kemis ɗin unguwarmu ya ji ina cewa ƙirjina na zafi ya ce olsa ce, ya haɗa mini nasa, ya sa mini ƙarin ruwa. Kakata ta aiko da rubutu a jarka da turaren hayaƙi. Baba ya kai ni wajen wani malami mai ruƙiyya, dattijo mai natsuwa, ya yi ta karatu ina zaune ina saurare. Da ya kammala ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, ni ban ga alamar komai a tare da yarinyar nan ba. Ta riƙe azkar ɗinta na safe da yamma, amma ku kai ta asibiti a duba ta da kyau." Har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Da ya so, da ya riƙe mu muna zarya muna biya.

Sai dai ba a kai ni nan take ba, domin tsakanin farmaki da farmaki lafiya lau nake a ido. A wannan tsakanin ne ciwon ya yi mini ainihin ɓarnarsa, kuma ita ce ba a gani. Farmakin kansa mintoci ne. Abin da ke cin yini da dare shi ne jiransa. Na tashi da safe tambayar farko ita ce ko yau zai zo. Na fara lissafin wuraren da ya taɓa kama ni ina kauce musu. Ya kama ni a layin asambili, na daina zuwa, na ce jiri nake ji. Ya kama ni a cikin adaidaita sahu a cunkoson Ƙofar Wambai, na daina shiga adaidaita. Biki, suna, kasuwa, Islamiyya, duk na janye ƙafa ɗaya bayan ɗaya. A aji sai kujerar bakin ƙofa. Kullum yatsana na kan wuyana ina ƙirga bugun jini, jakata ba ta rabuwa da ledar ruwa da man zafi. Har salla ta zama abin fargaba, domin in na yi sujada na ji jini ya taru a kaina sai in ɗago da sauri. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, na riƙa tambayar kaina ko imanina ne ya yi rauni.

Kowace gujewa tana ba ni sauƙi a ranar, amma washegari duniyata ta ƙara matsewa. Daga ƙarshe na kasa zaman makarantar kwana, aka mayar da ni ta jeka-ka-dawo, na koma gidan Gwaggo, yayar Baba, domin ya fi kusa.

A sabuwar makarantar wata yarinya ta ga yadda nake, ta miƙo mini wata ƙwaya ƙarama a takarda ta ce ita take sha idan kanta ya ɗau zafi, a kemis ake sayarwa. Ban sha ba, domin lokacin kowace ƙwaya tsoronta nake ji. Na nuna wa Gwaggo, ta juya ta ta ce diyazefam ce, ta jefa a masai. Daga baya likita ta yi mini bayani cewa irin waɗannan suna kwantar da mutum nan take, amma jiki na saurin sabawa da su, sai an ƙara yawa, barinsu kuma wani ciwon ne. Duk wanda ya zauna a Kano ya san yadda maganin tari mai kodin ya yi da matasa har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a 2018. Ina da yaƙinin cewa cikin waɗanda suka faɗa wannan rami akwai masu irin ciwona, waɗanda barci da natsuwa kawai suke nema ba su sami mai nuna musu ƙofar da ta dace ba.

Gwaggo ta yi aikin jinya shekaru kafin ta ajiye. Ranar da abin ya kama ni a gabanta, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Ta kori yara daga ɗakin, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabana, ta riƙe wuyan hannuna, idonta na kan agogon bango. Tana ta maimaita magana ɗaya a hankali: "Ina nan. Saki numfashin, kar ki ja, saki kawai." Da ya lafa ta ce, "Kin ga agogo? Ko kwata ba a yi ba. Kuma ba ki suma ba, kina jin duk abin da nake faɗa." Ni a raina na ɗauka an fi awa.

Ita ta kai ni babban asibiti. Likitan farko ya saurari ƙirjina, ya sa aka yi gwajin zuciya na ECG, aka auna yawan jini, aka auna sukari, aka duba sinadarin maƙoƙo, domin ƙarancin jini da yawan aikin maƙoƙo duk suna sa bugun zuciya da rawar jiki. Ya tambaya ko ina da asma, ko ina shaƙar maganinta, ko ina shan wani abu. Komai ya fito daidai. Wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne. Duk wanda ya fara jin ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a fara duba jikinsa tukuna, kada wani ya yanke masa hukunci daga gida cewa tsoro ne kawai. Da likitan ya gama duba takardun sai ya rubuta mana wata ya ce mu kai sashen likitocin ƙwaƙwalwa.

A nan rigima ta tashi. Baba ya ce atafau. "Yaya, 'yar tawa za a kai wajen mahaukata? Gobe in magana ta fita an ce an gan ta a can, wa zai aure ta?" A Kano in aka ce za a kai mutum Dawanau, kowa ya san abin da ake nufi, yara ma da shi suke tsokanar juna. Gwaggo ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Yarinya ta bar makarantar kwana, ta bar Islamiyya, ba ta iya zuwa ƙofar gida. Kana tsoron abin da mutane za su ce, ni kuwa ina kallon abin da ke faruwa. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kai ka karantar da mu wannan." Baba ya yi shiru. Da safe shi ya kawo kuɗin kati.

Ban ga laifinsa ba. Mutanenmu sun daɗe suna ganin cewa ciwon ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne, na mai yawo a bola. Hatta dokar ƙasa haka ta kalli abin, domin dokar mahaukata ta 1958 ce ke aiki har zuwa Janairun 2023 da shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma a layin da muka zauna ranar, na ga ɗalibai da jakar makaranta, na ga magidanci da babbar riga, na ga mai jego da goyo. In a titi na gamu da su ba zan ce komai na damunsu ba.

Likitar da ta gan ni mace ce. Ta ce Gwaggo ta ɗan jira a waje, ta tambaye ni abin da nake ji tun daga farko, ba ta katse ni ba. Sai ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambaya: "Idan abin ya zo, me kike tsoron zai faru?" Na ce zuciyata za ta tsaya. Ta ce, "Ya zo miki sau da yawa ko? Sau nawa ta tsaya?"

Ta ce abin da nake da shi sananne ne, yana da suna a littattafansu, yana yawan farawa a ƙarshen shekarun balaga zuwa farkon girma, kuma ya fi kama mata. Ta ɗauko takarda ta zana mini. Jikin ɗan Adam yana da shirin ko-ta-kwana: idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai a saki sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya tafi manyan tsokoki, gumi ya keto, duk don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Ta ce, "Ki ɗauka maigadi ne da ya taɓa jin an yi sata a maƙwabta, ya kwana da yawa bai runtsa ba. Yanzu ko akuya ce ta gogi ƙofa sai ya busa usur. Ba maƙiyinki ba ne, ya firgita ne." Matsalar, in ji ta, ita ce ni kuma da na ji usur ɗin sai in fassara shi da mutuwa, fassarar ta ƙara tsoro, tsoron ya ƙara adiranalin, adiranalin ya ƙara bugun zuciya, haka abin ke zagayawa har ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci, yawanci ƙasa da 10, sannan ya sauka domin jiki ba ya iya riƙe wannan hali na dogon lokaci.

Na ce to yatsuna da ke ƙagewa fa? Sai ta ce in miƙe tsaye. "Za mu kira shi da kanmu yanzu, ni ina nan." Ta ce in yi ta numfashi da sauri da zurfi ta baki, tana duba agogo. Na so in ƙi. Kafin minti ɗaya ya cika kaina ya fara juyawa, leɓɓana suka fara tsitstsira, yatsuna suka fara nauyi, ɗakin ya fara nisa. Sak abin da ya same ni a firef. Hawaye suka zubo mini. Ta ce in zauna, in rufe baki in yi numfashi a hankali ta hanci, kuma cikin ɗan lokaci komai ya koma daidai. Ta ce ba ƙarancin iska ke damuna ba, yawanta ne. Idan mutum ya yi ta haki, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, sai jijiyoyin jinin ka su ɗan tsuke, sinadaran jini su ɗan sauya, shi ne jirin, shi ne tsitstsirar, shi ne ƙagewar yatsu. Duk lokacin da nake ƙara jan numfashi don in ceci raina, wutar nake ƙara wa itace ban sani ba.

Wannan minti ɗayan ya yi mini abin da wata da watanni na lallashi ba su yi ba. Kowa ya sha ce mini "ba komai, ki kwantar da hankalinki", amma ban taɓa yarda ba, domin ni na san akwai komai. Ranar ne na ga cewa abin da na iya kira da kaina kuma na sallame shi da kaina ba mala'ikan mutuwa ba ne.

Daga nan aiki ya fara, kuma aiki ne mai gajiyarwa. An haɗa ni da wani masanin halayyar ɗan Adam a sashen, ina zuwa wajensa lokaci-lokaci, Gwaggo na raka ni. Ya sa na sayi ƙaramin littafi. Duk sanda abin ya zo sai in rubuta inda nake, abin da na fara ji a jikina, abin da na ce wa kaina, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Da shafuka suka taru sai na fara ganin abin da ban lura da shi ba. Yawanci yana biyo bayan daren da na raba ina kallon waya, ina bin bidiyon 'yan bindiga da ake turowa a WhatsApp da Facebook. Yana biyo bayan safiyar da na fita ba karin kumallo sai shayi mai kauri. Lokacin jarrabawa kuwa Nescafé nake haɗawa don in yi karatun dare. Ya ce sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro da lemukan ƙara kuzari yana sa zuciya gudu, kuma ga mai irin ciwona wannan gudun kaɗai ya isa ya tada komai. Na rage shayi, na bar kofi, waya kuma Gwaggo ke karɓewa bayan isha'i.

Ya koya mini numfashi da ciki: hannu ɗaya a kan cibiya, in ja a hankali ta hanci, in saki a hankali fiye da yadda na ja. Amma ya ja mini kunne cewa kada in mai da shi laya. "Ba don ki kore shi kike yi ba, ƙanwata. Don ki iya zama da shi ne har ya wuce." Da farko ban gane bambancin ba. Sai da na lura cewa duk ranar da na yi numfashin ina roƙon abin ya tafi yanzu-yanzu, sai ya ƙara ƙarfi.

Mafi wuya shi ne komawa wuraren da na gudu. Mun jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Na fara da tsayawa a ƙofar gida da yamma. Sai zuwa shagon bakin layi ni kaɗai. Sai shiga adaidaita da Gwaggo zuwa gaba kaɗan, sai ni kaɗai. Sharaɗin ɗaya ne: in tsoron ya taso ba zan bar wurin ba har sai ya fara sauka da kansa. In na gudu yana tsakiyar tashi, na koya wa ƙwaƙwalwata cewa gudun ne ya cece ni. Sannan ya fara raba ni da kayan dogarona. Ranar da ya ce in bar ledar ruwa da man zafi a gida in cire yatsana daga wuya, na ji haushinsa ƙwarai. Har hawa bene da gudu ya sa ni yi, da juyawa a tsakar ɗaki har in ji jiri, don jikina ya saba da bugun zuciya da jiri ba tare da ya ɗauke su labarin mutuwa ba.

Ranar Kantin Kwari ba zan manta da ita ba. Ana dab da salla, layukan sun cika maƙil, 'yan dako na ihun a ba su hanya, zafi, ƙamshin sabuwar atamfa, ga kira ta ko'ina "Hajiya zo ki gani". Muna tsakiyar wani layi abin ya taso gaba ɗaya. Ƙafafuna suka ce in ruga. Na dafa wani tebur da aka jibge shadda a kai, na ce wa Gwaggo ya zo. Ta ce, "To, sai mu jira shi." Ta juya ta ci gaba da cinikinta kamar ba abin da ke faruwa. Na tsaya ina kallon zanen wata atamfa mai ganye shuɗi, ina jin zuciyata na duka, gumi na bin bayana, ina ce wa kaina na san ka, na san iyakarka. Ya hau, ya hau, ya tsaya, sannan ya fara sauka. Mai shagon bai ma san an yi ba, yana ta rantsuwa cewa bai ci riba ba. Muka gama sayayya muka fito ta ƙofar da muka shiga.

An kuma ɗora ni a kan magani, irin wanda ake sha kullum sau ɗaya, ba irin mai sa maye ba. Likitar ta gaya mana gaskiya tun farko: ba ya aiki nan take, sai an yi makonni, kuma a farkon shan sa fargabar na iya ƙaruwa kafin ta ragu. Haka kuwa aka yi, na sha tashin zuciya da rashin barci har na ce a bar shi, Gwaggo ta kira ta a waya ta ce mu daure. Ta kuma gargaɗi Gwaggo cewa ga matasa, in aka ga sauyin hali ko na fara maganar gajiya da rayuwa, a dawo da ni a ranar ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Da azumi ya zo ita ta tsara mini lokacin sha, ban sha azumi ko ɗaya saboda shi ba. Da lokacin bari ya yi, a hankali aka riƙa ragewa. Ba kowa ke buƙatar magani ba, wasu zaman tattaunawa da atisayen ya ishe su, likita ne zai tantance.

Akwai zaman da muka yi ba a yi maganar numfashi ko kaɗan ba. Ya tambaye ni game da dararen nan na bayan Jangebe. A nan na yi kukan da ban yi a lokacin ba. Bai ce tsorona shirme ba ne, ya ce abin da ya faru da yaran nan gaskiya ne, kuma duk yarinyar da ke kwana a makaranta a shekarar tana da dalilin jin tsoro. Abin da ya lalace shi ne tsoron ya rasa inda zai fita, ya koma yana buga ƙofa a inda babu haɗari. Ina yawan tunanin su kansu waɗanda aka kora cikin daji da ƙafa, da ƙannensu, da 'yan ajinsu da suka ɓuya a ƙarƙashin gado. In ni da nake Kano na shiga wannan hali, su fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa. Mu kuwa ga rashin tsaro an ɗora mana a kai.

Game da addu'a, ban taɓa barinta ba, kuma babu likitan da ya ce in bari. Abin da ya sauya shi ne yadda nake yin ta. Da can ina karanta Hasbunallahu da gaggawa, ina haki, ina jiran in ga ko ta yi aiki, in abin bai tafi ba sai in ƙara firgita cewa an ƙi karɓa. Yanzu ina yin addu'ar da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya koyar ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da safe da yamma, cikin natsuwa. Tunda har aka koyar da ita, damuwa aba ce da ke samun mumini. Sujada ma na koma ina daɗewa a cikinta, kuma sai da na sa ta a jerin abubuwan da zan koma wa kafin hakan ta samu.

Ni 'yar fari ce, don haka Umma ba ta faɗin sunana, ba ta kuma zama ta yi doguwar hira da ni. Wata rana ta zo gidan Gwaggo, ina tsakar gida ina wanke-wanke, sai na ji tana cewa, da muryar da ta san zan ji, "Ni ma bayan haihuwar ta biyu na yi irin wannan faɗuwar gaban. Shekara guda ban iya zuwa unguwa ba. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron a ce na haukace." Ba ta kalli inda nake ba. Da na gaya wa likita ta ce ai yana bin dangi, ba mamaki.

Bai tafi gaba ɗaya lokaci guda ba. Na yi watanni lafiya, sai ya dawo ana saura kaɗan mu fara WAEC, na ɗauka duk wahalar ta tashi a banza. Masanin ya ce dawowa na cikin tafiyar, mu buɗe littafin mu koma kan jerin. Ranar JAMB ya kama ni a gaban kwamfuta, ɗaki cike da mutane, agogo na ƙirgawa a saman allon. Na ɗauke hannu daga madannin, na jingina, na bar shi ya yi abin da zai yi. Ya cinye mini 'yan mintoci. Na goge hannuna a hijabi na ci gaba daga tambayar da na tsaya.

Yanzu ina jami'a. Wani lokaci, in barci ya yi mini ƙaranci ko abubuwa suka taru, ina jin somin-taɓinsa, amma ba ya hana ni zuwa ko'ina. Matan unguwa da suka san labarina sukan turo mini 'ya'yansu ko su zo da kansu, murya ƙasa-ƙasa. Abin da nake gaya musu shi ne su fara da asibiti a duba jini da zuciya, in an ce komai daidai ne kada su tsaya nan, su nemi a tura su wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika, akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Malaman makaranta da matiron-matiron kuwa, roƙona gare su shi ne idan yarinya ta faɗa wannan hali a aji, a rage mata taro, kada a danne ta, kada a kwara mata ruwa, kada a yi ihun aljanu a kanta. Mutum ɗaya mai natsuwa ya zauna kusa da ita, ya yi mata magana a hankali, ya duba agogo. In tana da asma ko ciwon zuciya, ko ta suma, ko abin ya ƙi sauka, a garzaya da ita asibiti. In ya lafa, a kira iyayenta a gaya musu su kai ta a duba ta, kuma washegari a bar ta ta koma kujerarta a aji.